Shin ya dace a riƙa siyasa a zauren masu ɗaukar hoto?

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, rigima iri ɗaya ce ke tashi a wuraren da mutanenmu suka haɗu domin wani abu daban: ƙungiyar 'yan ƙwallo, 'yan adashi, kwamitin masallaci. Yanzu da guguwar 2027 ta fara kaɗawa, rigimar ta iso zaurukan masu sha'awar ɗaukar hoto, waɗanda suka yawaita a tsakanin matasanmu na Legas, Badun, Fatakwal, Benin da Anacha tun da wayoyi masu kyamara mai kyau suka wadata. Wani yana ɗaukar biki da suna yana samun na cefane, wani kuma sha'awa ce kawai, ya fita ranar Lahadi ya ɗauko gada ko kasuwa ko faɗuwar rana a bakin ruwa, ya kawo wa 'yan'uwa su duba su ba shi shawara.

An rabu gida biyu. Wasu na cewa hoto ya haɗa mu, duk mai son siyasa ya tafi majalisar mai shayi. Wasu na cewa ƙasa tana cikin wani hali, ba a rufe wa mutum baki don kawai ya rataya kyamara. Ni ma ina cikin masu wannan sha'awa, kuma ra'ayina shi ne ɓangarorin biyu suna kiran abubuwa biyu mabambanta da suna ɗaya. Akwai siyasar jam'iyya da tallar ɗan takara, wannan a kore ta daga zaure, ban da ja. Akwai kuma siyasar da ke cikin hoton kansa: wa aka ɗauka, a ina, yaushe, me aka rubuta a ƙarƙashinsa, wa zai ji ciwo idan ya fita. Wannan ta biyun duk zauren da ya hana ta ya cuci kansa, kuma a wurinmu mazauna Kudu yana iya jawo asarar rai.

Hujjar masu cewa a hana

Bari in fara da masu cewa a hana, domin maganarsu tana da nauyi.

Na farko, zauren hoto a Kudu ba na Hausawa zalla ba ne. Wanda ya koya maka sarrafa haske wataƙila Bayarabe ne, wanda kake sayen kayan aiki a wurinsa a Ikeja ko Alaba wataƙila Ibo ne, wanda zai kira ka ka taya shi aikin biki ranar Asabar wataƙila ɗan Edo ne. Mun ga abin da ya faru a Legas a 2023. Ranar 25 ga Fabrairu Peter Obi ya kayar da Bola Tinubu a jihar da tazarar ƙuri'a ƙasa da dubu 10, kuma kafin zaɓen gwamna na 18 ga Maris magana ta bar kan manufa ta koma kan "waye mai Legas". Abokan shekaru sun daina gaisawa. Zauren da ya bari wannan ta shiga cikinsa ba ya komawa yadda yake.

Na biyu, mu kanmu ba bakinmu ɗaya ba. A layi guda a Agege za ka samu ɗan APC, ɗan PDP da ɗan Kwankwasiyya, kowa da hularsa. Rigimar Kano kaɗai ta isa ta watsa zauren mutum ɗari cikin dare ɗaya, alhali yawancinsu ko rajistar zaɓe ba a Kano suka yi ba.

Na uku, akwai batun abinci. Mai hoto yana rayuwa ne da kira. Yau ɗan wannan jam'iyya ne ke aurar da 'yarsa, gobe ɗan waccan ne ke walimar saukar Alƙur'ani. Kalma ɗaya da ka faɗa cikin fushi, wani ya adana ta ya kai inda ba ka zata ba, sai ka ji kira ya ɗauke ba ka san dalili ba. Kuma mu baƙi ne a idon wasu ko da a nan aka yanke mana cibiya. Abin da ɗan gari zai faɗa a yi dariya a wuce, kai ka faɗa sai a ce "Hausawa sun ce".

Duk wannan gaskiya ne. Shi ya sa na ce fastar ɗan takara, waƙar kamfe, zagin gwamna ko yabonsa, da gardamar wa zai ci wa zai faɗi, ba su da wuri a zauren hoto. Wuraren yinsu sun yi yawa, ba a rasa ba.

Amma hoton fa?

Matsalar ita ce dokar "ba siyasa" idan aka yi ta dunƙule, tana haɗawa da abin da ba ya rabuwa da sana'ar. Tun farkon shigowar kyamara ƙasar nan haka abin yake. A 1897, bayan Turawan Ingila sun ci Benin da yaƙi, wani mai hoto ɗan Bonny, Jonathan Adagogo Green, ya ɗauki Oba Ovonramwen a cikin jirgin ruwan da zai kai shi zaman gudun hijira a Kalaba. Turawa sun kalli hoton a matsayin shaidar nasara. Mutanen Benin na yau suna kallonsa a matsayin shaidar zaluncin da aka yi musu. Hoto ɗaya ne, kuma babu yadda za ka koyar da tarihin hoto a Najeriya ka tsallake shi don gudun siyasa.

Mu dawo gida. Babu abin da masu hotonmu suke so kamar hawan Sallah: dawakai, alkyabba, 'yan kwalkwali, ƙura da hasken yamma. A Disambar 2024 ma hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. To amma tun da Gwamna Ganduje ya sauke Muhammadu Sanusi II a Maris 2020 ya naɗa Aminu Ado Bayero, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Sanusi a Mayun 2024, magana ta tafi kotu, 'yan sanda kuma suka riƙa hana hawan, yanzu idan ka kawo hoton ɗayansu a kan doki, me za ka rubuta a ƙasa? Ka rubuta "Sarkin Kano", rabin zaure ya ce ka ɗauki ɓangare. Ka ƙi rubutawa, ɗaya rabin ya ce ka yi rashin ladabi. Mafita tana nan, kuma ta sana'a ce: ka rubuta suna, shekara da wurin da aka ɗauka. Amma kafin a kai ga wannan mafita dole a tattauna, tattaunawar kuwa ta taɓa siyasa.

Ko ka ɗauki batun acaba. Daga 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa, daga baya ta ƙara wasu. Hotunan baburan da aka kama ana murƙushe su sun zagaye ko'ina. Wani ya kalla ya ga doka tana aiki. Yaron da ya sayar da gonar gado ya sayi babur, ko ya karɓo shi biyan kullum, ya kalla ya ga jarinsa ne ake niƙawa. Idan ɗan zaure ya kawo irin wannan hoto ya ce a duba masa, za a ce ya cire saboda siyasa ne? Ko kuwa za a yi ta maganar haske da inuwa, a yi kamar ba a ga abin da ke cikinsa ba?

Ga kuma wani misali da ya kamata kowane mai kyamara ya riƙe. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, yawancinsu 'yan Arewa. Sun shafe kusan wata uku a tsare, ba wanda ya damu sosai. Da hotunansu suka fita, ga su a rame, wasu sun yanke jiki sun faɗi a cikin kotu, ƙasa ta ɗauka, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Wanda ya ɗauki waɗannan hotuna bai yi wa kowa kamfe ba, aikinsa ya yi. Wannan aikin shi ya mayar da yara hannun iyayensu.

Inda abin ya zama na rai da mutuwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A da wannan magana kariya ce daga jita-jita. Yanzu ita ce ƙofar da maƙaryaci ke shigowa ta cikinta, domin mutum yana iya shakkar labari, amma da ya ga hoto sai ya ce ai na gani da idona.

Mu mazauna Kurmi mun san yadda wutar take tafiya. A Yulin 1999 rikici ya tashi a Shagamu lokacin bikin Oro, aka kashe mutane, da labari ya isa Kano aka huce a kan Yarabawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A lokacin babu wayar hannu a hannun talaka, sai da labari ya hau mota ya yi tafiyar kwana. Aka yi Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, Ile-Ife a 2017. Kowane daga cikinsu da ƙaramin abu ya fara. Bambancin yau shi ne hoto yana isa Kano, Sakkwato da Maiduguri kafin 'yan sanda su iso bakin kasuwa.

Abin da ya faru a Filato a watan Yunin 2018 ya isa darasi. Bayan hare-hare a yankin Gashish, hotuna masu tayar da hankali sun bazu a Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa hoton wani jariri da aka sassara ya riga ya fito watanni kafin rikicin, wani bidiyon kuma ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Brazzaville ne tun 2012. Amma kafin a gano haka, matasa sun riga sun tare hanya, an ciro matafiya daga mota an kashe. Gaskiya ta zo daga baya, ba ta dawo da kowa ba.

A Fabrairun 2021, saɓani tsakanin ɗan dako da wata mai shago a kasuwar Shasha ta Badun ya zama ƙone-ƙone da kisa. Sai da gwamnonin Arewa huɗu suka zo suka zauna da Gwamna Seyi Makinde. Bayan nan ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da kawo kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatur da albasa suka yi tsada a Legas suna ruɓewa a Arewa. Duk wanda ke riƙe da waya a waɗannan kwanaki ya san yadda hotuna suka yi ta yawo, na gaskiya da waɗanda ba wanda ya san asalinsu, kowanne da rubutun "ku tura wa 'yan'uwa".

Sai Uromi ta jihar Edo, ƙarshen Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah. A nan bidiyon gaskiya ne, kuma shi ya hana a binne maganar: 'yan sanda suka yi kame, Gwamna Monday Okpebholo ya tafi Kano ta'aziyya. Amma bidiyon nan ɗin dai shi ne ya sa mutanen Kudu mazauna Arewa suka kwana da fargaba, mu ma a nan muka kwana muna lissafin abin da zai biyo baya idan aka taɓa su. Ka ga ashe ko hoton gaskiya yana buƙatar a yi tunani: a nuna shi duka ko a rufe wani wuri, a tura wa jama'a ko a kai wa hukuma da 'yan jarida, da wane irin rubutu za a raka shi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan harka ba haka take ba. Wanda ya tura hoton ƙarya yana kwance a ɗakinsa a wani gari mai nisa. Wanda ruwan zai doka shi ne mai shayi a Ojota, ɗan ga-ruwa a Mushin, mai gadi a Owerri, mai yankan farce da ke yawo shi kaɗai a unguwar da ba ya jin yarenta. Haka nan mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano.

To a cikin al'umma, su wa suka fi cancanta su ce "dakata, wannan hoton ba na jiya ba ne"? Masu hoto mana. Su suka san cewa kowane hoto na asali yana ɗauke da bayanan ranar da aka ɗauke shi da irin na'urar, wani lokaci har da wurin, kuma suka san cewa WhatsApp yana goge waɗannan bayanai idan an tura shi a matsayin hoto, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Su suka san a saka hoto a Google Lens ko TinEye a ga ko ya taɓa fitowa shekarun baya. Idonsu ya saba da lura: lambar mota ta wace jiha ce, motocin haya wane launi ne, rubutun allon shago da wane harshe, kakin ɗan sandan namu ne ko na wata ƙasa, an ce jiya aka ɗauka cikin hunturu amma ga ciyawa kore shar da ƙasa jiƙe. Yanzu kuma ga hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa, waɗanda sai mai ido ke kama su ta wajen yatsu, inuwa ko rubutun da ba ya karantuwa, kullum kuma ƙara gyaruwa suke.

Idan zaure ya ce duk abin da ya shafi rikici siyasa ne, a cire, to hoton ƙaryar bai mutu ba. Ya wuce ne zuwa zauren 'yan uwa da na 'yan kasuwa, inda babu mai iya tantance shi. Mutum hamsin da suka fi kowa sanin hoto a unguwa sun yi shiru suna gardamar wace waya ta fi kyau da dare, gari kuma yana shirin kamawa. Wallahi wannan ba tsare mutunci ba ne, gudun nauyi ne. Ga kuma doka: sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka gyara a 2024, ya tanadi hukunci ga wanda ya tura abin da ya san ƙarya ne domin tayar da zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Gara yaro ya ji wannan daga bakin 'yan zaurensu da ya ji shi a ofishin 'yan sanda.

Wa ke ba da labarinmu?

Akwai wani ɓangaren da ba mu cika kula da shi ba. An kafa Sabo ta Badun tun 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a cikinta ya rubuta littafi a kan fataucin goro da shanu da tsarin masu gida, aka buga a 1969. Agege, Obalende, Shagamu da Ama Hausa ta Owerri duk suna da dogon tarihi. Amma ka nemi hoton Bahaushen Kudu a jarida ka ga abin da zai fito: shanu a kan titi, ɗan acaba a hannun jami'ai, mabarata a gefen gada, ko hayaƙi bayan rikici. Ina malamin makarantar allo da ya yaye ɗaruruwan yara a Idi-Araba? Ina hajiyar da ta shekara talatin tana sayar da tuwo a Mile 12 ta kai 'ya'yanta jami'a? Ina Bayaraben da ya auri 'yar Sabo, jikokinsu suna jin harshe biyu?

Fati Abubakar ta ga irin wannan a garinsu Maiduguri, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam da gawa. Ta ɗauki kyamara ta shiga gari tana ɗaukar 'yan makaranta, 'yan kasuwa da masu biki, ta sa wa aikin suna Bits of Borno, har manyan jaridun duniya suka ɗauka. Ba ta tallata jam'iyya ba, amma ta sauya yadda ake kallon mutanenta. Wannan aiki yana jiranmu a nan, kuma ba za a iya tsara shi a zauren da ke tsoron ambaton dalilin da ya sa ake buƙatarsa ba.

Yana da amfani na zahiri ma. Kasuwanninmu suna yawan fuskantar gobara, rusau da tashi. Ranar da aka zo lissafin asara, wanda ke da hoton shagonsa da kayansa da kwanan wata ya fi wanda ke da rantsuwa kawai. Ƙungiyar masu hoto da za ta zagaya ta ɗauki layin kasuwa rumfa-rumfa sau ɗaya a shekara, ta ajiye wa shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawa, ta yi wa jama'a aikin da ɗan siyasa bai yi ba.

Haka nan batun izini. Sau nawa ake ɗaukar almajiri ko makaho ko mace mai bara da goyo, a baza ba tare da an tambaye su ba, don a ce an iya hoto mai taɓa zuciya? Gobe wani ya ɗauki hoton nan ya rubuta "ga waɗanda suka cika mana gari". Mai hoton bai yi niyya ba, amma ya ba da makami. Talaka ma yana da mutuncin fuskarsa. A tambaye shi, a gaya masa inda hoton zai je, in yaro ne a nemi babbansa, in ya ƙi a haƙura.

Aikin kamfe sana'a ne

Nan da 'yan watanni 'yan siyasa za su fara neman masu hoto, kuma yaranmu da yawa za su samu aiki. Babu laifi. Bayo Omoboriowo ya yi wa Buhari aiki, TY Bello ta yi wa Jonathan, ba wanda ya ce sun daina zama masu hoto. Abin da ya kamata zaure ya tattauna shi ne abin da ya shafi mai aikin: a karɓi wani kaso kafin a fara, domin bashin kamfe bayan an faɗi zaɓe sai a lahira, a rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne, wa ke da hoton kuma ina za a yi amfani da shi, kada a yarda a ƙara taron jama'a da kwamfuta ko a liƙa fuskar wani a inda bai je ba, a san inda za a tsaya idan 'yan daba suka fara jifa, kada a sa rigar jam'iyya a bi ta unguwar da ba a san mutum ba. Ranar zaɓe kuma a sani cewa tun zaɓen gwamnan Osun na 2018 INEC ta hana shiga wurin dangwala ƙuri'a da waya ko kyamara, saboda masu ɗaukar ƙuri'arsu su kai a biya su. Duk waɗannan magana ce da ta shafi zaɓe, kuma duk magana ce ta sana'a. Dokar "ba siyasa" ta dunƙule za ta hana yaro jin su, ya je ya koya da jikinsa.

To ina za a ja layi?

Na san abin da za a ce: Malam, da ka buɗe ƙofa kaɗan, sai kowa ya shigo da kayansa ya ce ai maganar hoto yake. Haka ne, za a gwada. Amma akwai ma'auni mai sauƙi da nake ba shugabannin zaure shawara su riƙe. A cire hoton daga maganar a ga me ya rage. Idan maganar ta tsaya da ƙafarta ba ta buƙatar hoton, kamar "wane ya fi wane" ko "ƙabila kaza haka suke", to kamfe ne ko tsokana, a dakatar. Idan kuwa maganar ta rushe in babu hoton, kamar "yaushe aka ɗauka", "wa ya ɗauka", "ya dace a nuna fuskar yaron nan", "wannan rubutun na ƙasa gaskiya ne", to aikin zaure ne, a bari a yi ko da zafi.

Sai a haɗa da 'yan ƙa'idoji da kowa zai sani tun ranar shigarsa. Duk hoton rikici da aka kawo, a faɗi wanda ya ɗauka da wuri da rana, in ba a sani ba a ce ba a sani ba, ana neman taimakon tantancewa ne. Ba a kawo gawa a fili. Ba a jingina laifin mutum ɗaya ga ƙabilarsa ko addininsa, namu ko na wasu. Wanda aka tantance hotonsa aka ga tsoho ne, ya koma inda ya samo shi ya faɗa. Kuma hukunci ya zama ɗaya: in an cire fastar wannan jam'iyya, a cire ta waccan, ko da ta shugaban zaure ce. Yawancin zaurukan da suka watse, son kai wajen hukunci ne ya watsa su.

Wannan tsari ya fi wahala a kan a ce kawai "ba siyasa", domin yana buƙatar shugabanni masu haƙuri da za su riƙa yanke hukunci ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci su yi daidai wani lokaci a yi musu ƙorafi. Amma kakar zaɓe tana tafe, kuma duk mun san hotuna za su yi yawo, na gaske da na bogi, wasu da sunan Agege, wasu da sunan Sabo, wasu da sunan Fatakwal. Ranar da irin wannan hoto ya faɗo wayar dattijon da ba ya iya bambancewa, ina fata a samu yaro a unguwar da zai ce: Baba, dakata kada ka tura, bari in kai wa mutanenmu su duba. Ina kuma fata idan ya kai, a duba masa, kada a ce masa nan ba a siyasa.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya tsare mana dukiya da rayuka, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya.